Shirya Akori-kura Don Hanyar Burji da Kwanan Daji: Jagora Daga Abuja

Mutumin Abuja da ya mallaki Hilux ko L200 ko Ranger, ranar da ya ƙudura zai fara fita da ita bayan gari, ko Yankari ko Farin Ruwa ko can saman Mambila, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ƙarfe: ƙaton bamba a gaba, jerin fitilu a kan rufi, tsani a baya. Masu walda a Apo ba za su hana shi ba, sana'arsu ke nan. Shawarata ita ce ya jingine wannan tukuna, ya nemi ɗan farantin nan da kamfani ya manna a ginshiƙin ƙofa ko a gidan inji, wanda ke ɗauke da iyakar nauyin da motar za ta iya kaiwa da kayanta da mutanenta. Duk shirin da za a yi, daga wannan lamba yake tashi.

A ɗauka farantin ya ce kilo 2,900, motar kuma fanko tana da kilo 2,000. Saura 900 ke nan, kuma a cikin 900 ɗin nan har da kai da abokan tafiyarka. Manya huɗu sun cinye wajen 300. Ruwa lita 80 da jarkokinsa, 85. Ƙarin mai lita 40, kusan 40. Safaya ta biyu, 35. Rumfar ƙarfe ta bodin baya, 100 in maƙerin ya tausaya. Akwatunan katako, 60. Firji da batirinsa, 55. Tanti da shimfiɗa, 50. Kayan gyara da na ceto, 50. Abinci da tukwane, 50. Jakunkunan kowa, 60. Ka riga ka kai 885, ba ka ɗora bamban ƙarfe mai kilo 60 ba, ba ka ɗora winci mai kilo 35 ba. Wannan ƙiyasi ne, naka zai ɗan bambanta, amma yana nuna yadda wurin ke saurin cika. Motar da aka yi wa lodin da ya wuce kima birkinta ba ya kama da wuri, tana zurmawa a taɓon da wata za ta wuce salin-alin, kuma mai ƙofa huɗu tana iya lanƙwasa shasi daidai bayan kan mota idan aka tara nauyi a wutsiya aka faɗa rami da gudu. In ka gama shiri, ka cika ta kamar ranar tafiya ka nemi wurin da ke da sikelin manyan motoci, irin na wuraren fasa dutse, ka roƙa a auna maka ita.

Lafiyar motar kanta

In ba ka saya ba tukuna, ka tabbatar mai ƙafa huɗu ce ta gaskiya, wato tana da giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, mai alamun 2H da 4H da 4L. Akori-kura da yawa a titunan Abuja tsayi kawai gare su, tayoyin baya ne ke ja. Tsakanin fetur da dizal kuwa, ni na fi karkata ga Hilux mai injin fetur 2.7 ga wanda zai riƙa shiga ƙauyuka. Tana shan mai fiye da ta dizal, ba ta kai ta ƙarfin ja ba, amma ita ce ta cika ma'aikatun gwamnati da kamfanoni a ƙasar nan, don haka da wuya ka sauka garin da babu bakaniken da ya san cikinta ko shagon da ke da kayanta. Sababbin injinan dizal, 2.4 da 2.8 da suka zo da samfurin 2015, suna da daɗin tuƙi da tsimin mai, sai dai ba sa jure gurɓataccen dizal. Ɗan ruwa ko datti ya isa ya lalata nozul, gyaran kuma ba na bakin hanya ba ne. Mai irin wannan mota ya sa ƙarin filta mai tace ruwa kafin ya sayi kowane kayan ado. Tacoma da Tundra da ake shigowa da su daga Amurka motoci ne masu ƙarfi, amma kayansu ba ko'ina ake samu ba. Mai su ya riƙe abin da zai buƙata tun daga Gudu ko Apo.

Kafin a ɗaura wa mota komai, a kai ta wurin bakaniken da ka yarda da shi, a ɗaga ta, a bi ta ɗaya bayan ɗaya: bakin mai da filtocinsa, man giya, man aksul na gaba da na baya, man birki, boris na ƙafafu, bushin, tayrod, robobin shaf, fanbel, tiyon lagireto. A sa ogzilari a ga tana shiga tana fita, domin motar da ta shekara biyar tsakanin Maitama da Garki wataƙila ba a taɓa taɓa wannan giya ba. Abu ɗaya nake so ka tsaya a kansa da ƙafarka: kada ka yarda a cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, kada kuma a cika lagireto da ruwan famfo. Ruwan lagireto mai launi yana hana tsatsa, yana kuma jure zafi fiye da ruwa zalla, kuma ranar da za ka hau tudun Mayo Selbe, a hanyar Mambila, da lodi za ka ga amfaninsa.

Taya

Idan kuɗinka abu ɗaya za su iya saya, to taya ce. Mafi yawan matsalar da ke tsayar da mota a hanyar burji daga ƙasa take fitowa: kaifin dutse, kututturen da aka sare, ƙaya, ƙusa a mashigar ƙauye. Tayar da motar ta zo da ita an yi ta ne don kwalta. Ka nemi mai alamar AT, wadda ke iya kwalta da burji duka, kuma in da hali mai haruffan LT a jikinta, domin gefenta ya fi kauri, an yi ta don ɗaukar kaya. Mai manyan haƙora, MT, ta fi ƙarfi a laka, amma tana ƙara a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. Ka tuna tafiyar Abuja zuwa Yankari kusan dukkanta kwalta ce, ta Keffi da Akwanga da Jos da Bauci. Ga yawancinmu AT ta wadatar.

Kada ka ruɗu da manyan tayoyin da suka fi ƙarfin mota. Girman da kamfani ya sa, kamar 265/65 R17 a Hilux da yawa, shi ne aka yi giya da birki don shi, shi ne kuma za ka samu a Jalingo ko Lafiya in taka ta fashe. Rim mai inci 16 ko 17 ya fi mai 20 nesa ba kusa ba, saboda yana barin roba mai kauri tsakanin ƙarfe da dutse. Ka duba shekarun taya kafin ka biya: a gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayar Kwatano mai kyan fuska da ta shekara takwas ba abin da za ka ɗora iyalinka a kai ba ne, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana jan kunne a kan wannan. Safaya biyu ga mai tafiya mai nisa, dukkansu girman na ƙasa, kuma ka gwada sauke wadda ke ƙarƙashin bodi tun a gida, don sarƙarta kan ci tsatsa ta ƙi motsi.

Sai maganar iska, wadda ita ce sirrin da masu tuƙin Sahara daga Agadas zuwa Dirku suka daɗe da riƙewa. Mai faci a gari, in ba ka hana shi ba, zai buga maka 45 ko 50. Wannan ya yi yawa ko a kwalta. Abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa yakan kama daga 29 zuwa 36, gwargwadon lodi. In ka sauka kan burji mai gargada, ka rage zuwa wajen 26 ko 28: motar za ta daina tsalle, tayar kuma za ta riƙa lanƙwasa a kan dutse maimakon ta tsage. A laka, 20 zuwa 22. A rairayi mai zurfi, 16 zuwa 18, kana tafiya a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, don kada taya ta fita daga rim. Dalili shi ne tayar da aka rage wa iska tana shimfiɗuwa, nauyin mota ya bazu a fili mai faɗi. Amma sharaɗin wannan dabara shi ne da ka dawo kwalta ka mayar da iskar nan take, domin taya mai ƙarancin iska a gudun 100 zafi take ɗauka har ta fashe. Don haka geji naka na kanka da famfon taya mai kama kan batir wajibi ne, ba irin ƙaramin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari ba, wanda zai ƙone kafin ya cika taya ta biyu. Ka haɗa da kayan facin tubles, igiyoyin roban nan da allurarsu. Minti goma sun isa ka koyi aikin a wurin mai faci, ka ba shi na goro.

Ƙafafu da ƙarƙashi

Shokozoba da sifirin sai an san nauyin da za su ɗauka ake sauya su, shi ya sa suka biyo baya. In motar za ta riƙa zama da rumfa da akwatuna kullum, sifirin baya mai ƙarin ganye da shokozoba masu kyau za su hana ta zama a gindi. Ɗagawar da ba ta wuce santimita biyar ba ta isa. Abin da ya haura haka yana wahalar da shaf ɗin gaba, yana kuma sa mota saurin kifewa a kwana. Ka lura, sifirin mai ƙarfi bai ƙara ko kilo ɗaya a kan lambar farantin nan ba. Birki da aksul da shasi suna nan yadda suke.

A ƙarƙashi, farantin ƙarfe mai kaurin milimita uku ko huɗu da zai kare kaskon bakin mai da akwatin giya ya fi kowane bamba amfani, kuma mai walda nagari zai yi maka shi. A ɗaure da kusoshi, a bar ƙofar juye mai, kada a like shi da wuta a jikin shasi. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilas yana taimako a ƙurar hunturu in kana bin bayan wata mota, yana kuma rage haɗarin inji ya sha ruwa, amma bai mayar da mota jirgin ruwa ba. Akwai wani ƙaramin aiki da ba a gani wanda ya fi shi muhimmanci ga mai ƙetare rafi: aksul da akwatin giya suna da ƙananan hancin numfashi, kuma in aksul mai zafi ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta nan ya gauraya da mai. A sa musu tiyo a ɗaga bakin zuwa gidan inji. Kuɗinsa kaɗan ne.

Bodin baya

Rumfar da ake yi a gida, ƙarfe da tamfol, ba abin rainawa ba ce. Ana samun bututun ƙarfe a Dei-Dei, a ƙera gwargwadon bodin, a ɗinka tamfol mai kauri da za a iya naɗe gefunansa. Ta fi arha, ta fi sauƙin gyara a ko'ina, kuma ba ta jan ido. Aibinta biyu: ƙura na shiga, kuma ba ta kulluwa. Mai son kulle sai ya nemi ta alminiyam ko ya sa akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo. Ko wace ka zaɓa, ka ce wa maƙeri ya yi amfani da bututu mara kauri sosai ya ƙarfafa kusurwoyi, domin al'adar masu waldarmu ita ce su ƙara ƙarfe duk inda suka yi shakka.

Jera kaya kuwa kamar ɗaura wa jaki mangala ne: in ɓari ɗaya ya rinjayi ɗaya, tafiya ba ta yi. Masu nauyi, wato ruwa da mai da batir da kayan gyara, su zauna ƙasa, jikin kan mota, gaban aksul ɗin baya, an raba su dama da hagu. Masu sauƙi, katifa da barguna da kujeru, su hau sama. Abin da za ka buƙata cikin gaggawa, shebur da igiyar ja da akwatin magani da abin kashe gobara, su kasance inda hannu zai kai ba tare da an sauke komai ba. Kowane abu a ɗaure shi da bel mai ƙugiya. Jarkar da ba a ɗaure ba, kilomita talatin na gargada sun isa ta huje kanta ko ta fasa abin da ke kusa da ita. Saman rufi kuwa a bar shi ga abin da ba shi da nauyi.

Ruwa lita goma ga kowane mutum a rana shi ne ma'aunin da nake bi a lokacin zafi: rabi na sha, rabi na girki da alwala da wanke hannu. Ka ƙara na kwana biyu a kan kwanakin da ka tsara. Jarkoki huɗu masu lita 20 sun fi tanki ɗaya mai lita 80, domin in ɗaya ta huje saura uku, kuma ana iya ɗaukar jarka a kai ta bakin rijiyar burtsatse. Ka naɗe ɗaya da buhun algarara ka riƙa jiƙa shi, iskar tafiya za ta sanyaya ruwan.

Tankin Hilux mai ƙofa huɗu lita 80 yake ci. Mai fetur da lodi tana iya shan lita 13 ko 14 a kilomita 100 a kan kwalta, a laka ko rairayi kuma ta kusa ninkawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso na kowace tafiya, wani dalilin ke nan na rage nauyi da iskar da kayan saman rufi ke tarewa. Ka sha mai a duk babban garin da ka ratsa ko da tankin na rabi. Ƙarin mai a zuba shi a jarkar ƙarfe mai murfin roba, ba ta man gyaɗa ba, a ajiye nesa da batir da tukunyar gas. Ka riƙe rasiɗin gidan mai, ka kuma binciki dokar jihar da za ka shiga: a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina sun hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, kuma jami'in da ke shingen bincike yana da dalilin tambayarka inda za ka kai shi.

In mota ta kafe

Za ta kafe wata rana, don haka a shirya. Shebur mai dogon ƙota, adda, katako biyu masu kauri ko faifan roban nan masu haƙora da ake turawa ƙarƙashin taya, jak mai ƙarfi da faffaɗan katakon da zai zauna a kai don kada ya nutse, igiyar ja mai ɗaukar tan takwas, da maɗaurai masu lambar nauyi a jikinsu. Da ka ji tayoyi sun fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur. Kowane juyi rami yake ƙara maka. Sauka, rage iska, haƙe gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin aksul, sa katako, shiga 4L, ka fita a hankali, sau da yawa da baya ta inda ka shigo. Wannan kaɗai yana fitar da mota a mafi yawan lokuta.

In sai an ja ka, a nan ne ake rasa rai, ina roƙonka ka kula. Kada a taɓa rataya igiya a ƙwallon ƙarfen jan tirela, ko a bamba, ko a ƙugiyar siririya da aka yi don ɗaure mota a jirgi. In suka tsinke, ƙarfen yana tashi da ƙarfin da zai fasa gilas ya kashe mutum. A ɗaura a maɗaurin da ke kafe a shasi da manyan kusoshi. In motarka ba ta da shi, a sa mata gaba da baya kafin tafiya. A jefa bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar, a kori kowa, musamman yaran ƙauye da za su taru kallo, zuwa nesa da ta fi tsawon igiyar. Winci yana da amfani ga mai tafiya shi kaɗai a daji mai itatuwa, amma mota ta biyu ta fi shi, kuma tafiyar mota biyu ita nake ba kowa shawara.

Ogzilari kuma tana da ƙa'idarta. A yawancin waɗannan motoci ba a tafiya da 4H a busasshiyar kwalta, domin gaba da baya suna kulle da juna, a kwana sai su riƙa murɗe shaf. Ana sa ta da an sauka burji mai santsi, kafin a shiga matsala. 4L kuwa sai an tsaya cak an sa giya a firi. Rafi kuma, ka sauka ka taka shi da sanda, ko ka jira ka ga ɗan acaɓa ko motar kasuwa ta wuce. Ruwan da ya haura gwiwa yana gudu da ƙarfi, a jira shi. A watan Agusta da Satumba rafin da ka ƙetare da safe yana iya cika da la'asar saboda ruwan da aka yi a kan tudu can nesa, ko da ɗigo bai sauka a kanka ba.

Wuta, kwana da girki

Kada ka ɗora firji da fitilu a kan batirin tayar da mota. Batir na biyu mai amfiya 100, da na'urar da ke raba shi da na farko in inji ya mutu, da farantin sola mai wat 100 zuwa 150, sun isa ƙaramin firji da cajin waya da fitilu. Mai haɗa wutar ya sa fiyus dab da kan kowane batir, ya bi da waya mai kauri cikin tiyo, nesa da salansa. Gobarar mota a daji sau da yawa daga wayar da aka haɗa da gaggawa take tashi. Ga tafiyar kwana biyu, kula mai kyau da ƙanƙarar bulo ta wadatar, ba sai ka sayi firji ba. Abincinmu ma ya san tafiya: kilishi, dambun nama, soyayyiyar miya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, taliya, kayan shayi.

Tantin saman rufi yana nesanta ka da ƙasa, amma yana da tsada, yana da kilo 50 zuwa 70 a wuri mafi muni ga daidaiton mota, kuma dole ka naɗe shi duk lokacin da za ka motsa. Tantin ƙasa mai ragar sauro da zif mai lafiya ya ishi mafi yawan mutane. Mutum biyu ma suna iya shimfiɗa katifa a kan akwatunan bodi su rataya gidan sauro a ƙarfen rumfa. Tamfol mai sanduna biyu a gefen mota zai ba ku inuwar girki da salla. Mai zuwa Mambila ko Jos tsakanin Disamba da Fabrairu ya riƙi bargo na gaske da rigar sanyi. Gembu da Nguroje suna can saman tudun Mambila, sanyin darensu ba irin na Abuja ba ne. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo uku ko shida ta tsaya a tsaye a ɗaure. Kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti ko rufaffiyar rumfa don jin ɗumi, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane cikin barci.

A akwatin magani a sa bandeji, maganin ciwo, gishirin zawo, maganin zazzaɓin cizon sauro da na duk mai ciwon da yake sha kullum. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, a riƙe tocila duk fitar dare. Kububuwa tana da yawa a yankin Gombe da Bauci da Taraba da Filato, har akwai asibiti na musamman don saran maciji a Kaltungo. In ta sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya: a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan take. A Yankari da Gashaka akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙin tufafi suna jawo shi. Gwaggon birin sansanin Wikki na Yankari kuwa sun saba da mutane ƙwarai, duk abincin da aka bari a buɗaɗɗen bodi nasu ne.

Kamannin motarka da inda za ka kwana

Wannan ɓangaren ba za ka same shi a bidiyon masu yawon daji na Ostireliya ko Afirka ta Kudu ba. A ƙasar nan Hilux motar jami'an tsaro ce da ayarin manya, kuma ba ka so a ɗauke ka ɗayansu a hanyar da ba kowa. Ka bar ta da farin fentinta ko ruwan toka. Koren soja doka ta hana farar hula, haka jiniya da fitilun walƙiya, tufafi da jakunkuna masu zanen kakin soja ma a bar su a gida. Baƙin gilas yana buƙatar izinin 'yan sanda, kuma yana sa a tsayar da kai a kowane shinge. Mota mai kama da ta ɗan kwangilar rijiyoyi ta fi mai kama da ta yaƙi kwanciyar hankali. Takardu su cika: lasisi, inshora, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da alamar tsayawa mai kusurwa uku da abin kashe gobara. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto yana buƙatar izinin hukuma, kada ka ɗaga shi kusa da shinge ko bariki.

Ba a tafiyar dare. Ka tsara yadda la'asar za ta same ka a masauki. Kafin kowace hanya ka tambayi direbobin tasha da ke bin ta kullum, su ne suka san abin da ya faru jiya, kuma in suka ce a dakata, a dakata. Akwai dazuzzukan da a yanzu ba wurin yawon buɗe ido ba ne ko da wace irin mota gare ka, har da wasu a gefen Abuja kanta. Ka bar wa wani a gida tsarin tafiyarka da lokacin da zai ji daga gare ka, ka riƙe layukan waya biyu na kamfanoni daban, ka sauke taswira a wayarka tun kana da intanet.

Kwanan daji a nan ba shi ne ka ga fili mai kyau ka kafa tanti ba. Kowane fili da mai shi. A Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, ana fara sauka ofishinsu a Serti a biya a karɓi ma'aikacin da zai raka ka. Hedikwatar hukumar gandayen daji ta ƙasa tana nan Abuja, ana iya tambaya tun kafin a tashi. Yankari tana hannun gwamnatin jihar Bauci, kuma su ke nuna inda aka yarda a kwana. A wajen irin waɗannan wurare, da ɗan gari akan ci gari: ka isa da rana, ka nemi mai unguwa ko dagaci ko arɗo, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka bar shi ya nuna maka wuri, ko da harabar makaranta ce. Kada ka kafa tanti a burtali, ko cikin gona, ko a busasshen rafi. Wutar da ka hura a hunturu ka kashe ta da ruwa ka rufe da ƙasa, shararka kuma ka dawo da ita Abuja.

Tafiyar farko ta zama gajera, da rana, da mota biyu, irin zuwa Gurara ta hanyar Suleja a dawo, da cikakken lodi, don ka ji abin da ke ƙara da abin da ke kwancewa, ka gwada rage iska da mayar da ita, ka sa 4L da hannunka. Sai ta biyu ta zama ta kwana. Ranar da ka kai ga Mambila, gangarowa daga Maisamari zuwa Mayo Selbe ka yi ta da giya ta biyu, inji na riƙe motar, kana taɓa birki kaɗan-kaɗan. Wanda ya danne birki tun daga sama zai iske ya yi zafi ya daina kamawa kafin ya kai ƙasa. In ka dawo gida, a wanke ƙarƙashin motar a cire laka, a kakkaɓe ko a sauya filtar iska, a duba man aksul in ya koma fari kamar madara a juye shi, a bi kusoshin rumfa da na farantin ƙasa da sifana, a sauke jarkoki da akwatuna don sifirin ya huta kafin tafiya ta gaba.